Jirin da ba ya zuwa sai na miƙe tsaye

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Awon ciki, rigakafin yara, awon jini da ɗaura ƙarin ruwa su ne aikina tun kafin in yi aure. Zan ba da labarin wata lalura da ta kusa raba ni da aikin nan, ta kusa raba ni da ɗakina, domin na san akwai mata da tsofaffi da yawa a karkararmu da ke fama da irinta, ana ce musu ragwaye ko masu iska.

Tun ina makarantar kwana nake da ɗan abin. In aka daɗe a layi da safe, sai in ji kunnena ya toshe, idona ya yi duhu, in tsuguna. Ba ni kaɗai ba ce, don haka babu wanda ya damu, aka ce yunwa ce. Da na girma abin ya lafa.

Haihuwata ta biyu ce ta tono shi. Na zubar da jini sosai har aka yi mini ƙari, ina cikin jego kuma wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ni na tsawon lokaci. Da na tashi daga jinya jikina ya ƙi komawa yadda yake. Ina kwance lafiyata lau, in yi hira in yi dariya. Da na miƙe, kafin in kai bakin rijiya zuciyata ta fara dukan uku-uku, gani ya yi dishi-dishi, gumi mai sanyi ya karyo, hannuna ya kama rawa, ƙafafuna su yi nauyi. In na tsuguna ko na kwanta, cikin 'yan mintuna komai ya wuce. Safiya ta fi muni, sai bayan cin tuwo, sai tsayuwa a bakin murhu. Wankan ruwan zafi kuwa sau da yawa a durƙushe nake gama shi. A wurin aiki na kai ga ba na iya tsayuwa in gama yi wa layin yara allura, kuma kaina ya daina riƙe abu: in tambayi mace watanninta nawa, kafin in ɗauki biro na manta.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne rashin shaida. Duk wanda ya auna ni, a zaune yake auna ni, ya ce jinina daidai yake. An gwada zazzaɓin cizon sauro babu, jinin da na zubar ya dawo ya cika. An ba ni maganin taifot, an ba ni na olsa, wani ma ya ce tunani ne ya rubuta mini maganin barci, wanda ya ƙara mini jiri. Abu ɗaya ne ke yi mini aiki, ƙarin ruwa. In aka ɗaura mini leda biyu sai in yi kwana ɗaya ko biyu garau, sannan in koma gidan jiya.

A gida magana ta fara yawa. Wata rana uwar mijina ta same ni kwance a tabarma, turmi na tsaye da hatsi a ciki, ta ce, "Ke 'yar nan, wane irin ciwo ne wannan da zai bar mutum ya ci ya sha ya yi hira, sai an ce tashi ki yi aiki sannan ya dawo?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, wallahi ni ma ban gane kansa ba." Ban ga laifinta ba, don ni kaina na fara zargin kaina. An yi mini ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi, amma da na miƙe jirin yana nan. Akwai daren da na yanke shawarar rubuta takardar ajiye aiki in koma gidanmu, in huta da kallon da ake yi mini. Maigidana ne ya ce, "Ki dakata, a sayar da tunkiyar nan mu je Kano tukuna."

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka haɗa ni da likitan zuciya. Ya saurari labarina har ƙarshe, da na zo kan maganar ƙarin ruwa sai ya ɗago kai. Ya fara da tura ni gwajin zuciya na wayoyi da hoton zuciya, domin a ƙasar nan tamu raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa, kuma shi ma yana kawo haki da bugun zuciya. Aka duba suga, aka duba maƙoƙo, aka sake duba yawan jini. Duk lafiya. Sannan ya ce, "Sista, hau gadon nan ki kwanta, kada ki yi magana." Bayan minti 10 ya auna: bugun zuciya 76 a minti, awon jini 112 bisa 70. Ya ce in miƙe in tsaya cak. Minti ɗaya, bugu 108. Minti 5, 124. Kafin minti 10 ya kai 131, ina ganin bangon ɗakin yana nisa, amma awon jinin bai faɗi ba, yana 108 bisa 76. Ya juyo mini da takardar ya ce, "Ga ciwonki nan a rubuce." Na fashe da kuka, kukan daɗi ne.

Ga abin da ke faruwa. Duk lokacin da mutum ya miƙe, jini kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya yana gangarawa ƙafafu da ciki, kamar jarkar da ba ta cika ba in aka tayar da ita tsaye. A jikin manyan hanyoyin jini na wuya da babbar hanyar da ta fito daga zuciya akwai wasu wurare masu jin ƙarfin jini. Da sun ji ya ragu sai su kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika ta jijiyoyin saƙo masu aiki da kansu, waɗanda ke kula da bugun zuciya da gumi da narkar da abinci ba tare da mun umarce su ba. Nan take hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara bugu kamar 10 zuwa 20, jini ya ci gaba da isa kai. Mai lafiya ba ya ma sanin an yi. In wannan tsarin ya samu matsala, ko ruwan jiki ya yi kaɗan, to tsayuwa ta zama aiki.

Matsalar ba iri ɗaya ba ce, kuma awo ne kawai ke raba su. In lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta faɗi da 10, cikin minti 3 da miƙewa, wannan faɗuwar jini ce ta tsayuwa, an fi ganinta ga tsofaffi da masu suga da masu shan maganin hawan jini. In jini bai faɗi ba amma bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye cikin minti 10 kuma ya zauna a saman, tare da alamomi da suka kai wata 3, shi ne likitoci ke kira POTS, irin nawa. Ga 'yan shekara 12 zuwa 19 sai ƙarin ya kai 40. Ya fi kama mata matasa, kuma sau da yawa yana biyo bayan zazzaɓi, haihuwa, tiyata ko doguwar kwanciya. A 1993 wasu likitoci biyu a asibitin Mayo da ke Amurka suka fayyace shi da wannan sunan, bayan annobar korona kuma aka ƙara ganinsa a duniya. Akwai kuma suman nan na wanda ya daɗe a tsaye cikin zafi ko ya ga jini: ya fara hamma da tashin zuciya da gumi, sai jini da bugu su faɗi tare, ya zube, ya farfaɗo da ya kwanta. Ina kyautata zaton shi ne nawa na makaranta.

Manyan asibitocin duniya suna da gado na musamman da ake ɗaure mutum a kai a karkata shi. Mu ba mu da shi, kuma a mafi yawan lokuta ba sai da shi ba. Abin awon jini da agogon waya sun isa. A yi gwajin da safe, kafin a sha shayi ko a ci goro, domin suna ɗaga bugun zuciya. Mutum ya kwanta rigingine minti 5 zuwa 10 shiru, a auna a rubuta. Ya miƙe ya tsaya, a auna a minti na 1, na 3, na 5 da na 10. Kurakuran da ke ɓata sakamako sanannu ne. In mara lafiya yana motsa ƙafa ko yana ɗage dunduniya, tsokar ƙafar za ta tura jini sama ta ɓoye ciwon. In hannunsa yana lilo a ƙasa lambar za ta fito sama da gaskiya, sai a tallafe hannun daidai ƙirji. In aka auna daga zaune zuwa tsaye, ba daga kwance ba, bambancin zai fito kaɗan. Wanda ba shi da abin awo ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ƙasan babban yatsa, ya ƙirga na daƙiƙa 30 ya ninka biyu. Lallai wani ya tsaya kusa, in mutum ya ce ya ji zai faɗi a kwantar da shi, gwaji ya ƙare. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, a maimaita a wasu ranakun. Ni littafi na saya, na ja layuka: rana, lokaci, kwance, tsaye, abin da na ci, ruwan da na sha, ko ina al'ada. Daga littafin na gane cewa kwanakin al'ada da watannin bazara, Maris zuwa Mayu, su ne mafi tsanani a gare ni.

Magani na farko da likita ya rubuta mini ruwa ne, lita 2 zuwa 3 a rana. Ledar fiya wata rabin lita ce, ke nan leda 4 zuwa 6. Kafin in sauko daga gado nakan shanye rabin lita a tashi ɗaya, in jira kamar minti 10. Shan sa da sauri haka yana ɗaga ƙarfin jini na kusan awa guda, kurɓa kaɗan-kaɗan ba ya yin wannan aikin. Launin fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ruwa bai isa ba. Sai gishiri, domin ruwa ba ya zama a hanyoyin jini in babu gishirin da zai riƙe shi. An ce in kai giram 8 zuwa 10 a rana har da na miya, ƙaramin cokali a shafe kuwa yana ɗaukar kimanin giram 5 zuwa 6. Ranar da zafi ya yi yawa nakan haɗa ruwan gishiri da sukari irin na masu gudawa, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya.

A nan nake roƙon mai karatu ya nutsu. Wannan gishirin da ya tashe ni zai iya kashe wani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mutum mai lafiya ya tsaya ƙasa da giram 5 a rana. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciki, mai raunin zuciya, babu ruwansu da ƙarin gishiri. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, take haki in ta kwanta, tana iya cewa ita ma zuciyarta na bugawa in ta tashi, amma nata ciwon kishiyar nawa ne, gishiri da kunun kanwa ƙara mata ruwa za su yi a huhu. Shi ya sa likita bai ce mini uffan kan gishiri ba sai da ya ga hoton zuciyata.

Sauran dabarun ba sa cin kuɗi. Maigida ya sa bulo mai inci 6 ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai, gadon gaba ɗaya ya ɗan karkata. Tara filo ba ya maye gurbin wannan, jikin duka ake so ya gangara, domin hakan yana rage fitsarin dare ya bar wa mutum ruwa a jiki da safe. Tashi kuma mataki-mataki ne: in zauna a bakin gado, in motsa ƙafafu, sannan in miƙe. Safar matsi da ake sayarwa a birni sai ta kai ƙugu take aiki sosai, ga tsada ga zafi, sai na koma ɗaure cikina tamau da zane yadda masu jego ke yi, tunda jini mai yawa a ciki yake taruwa. Da zan kwanta in kwance. In jiri ya kama ni a kasuwa ko a layi, sai in harɗe ƙafafu in matse cinya da ɗuwawu, in dunƙule hannu, in bai tsaya ba in tsuguna ko wa ke kallo. Malmalar tuwo babba na daina ci a zama ɗaya, domin jini na tafiya hanji bayan cin abinci mai nauyi, na raba abincina ƙanana sau 4 ko 5. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a kan kujera 'yar tsuguno. Girki a zaune, surfe da niƙa a inji.

Abin da ya fi wuya, kuma a ganina ya fi komai amfani, shi ne motsa jiki. Mai wannan ciwon kwanciya yake so, kwanciyar kuma ita ke ƙara rage yawan jini ta sassauta tsokar ƙafa, gobe tsayuwa ta fi ta yau wahala. A kwance aka ce in fara: ɗaga ƙafa, ɗaga ƙugu, tuƙa keke a iska. Daga 'yan mintuna har na kai minti 30, sau 3 ko 4 a mako, sannan na koma na zaune, daga baya tafiya da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Makonnin farko ji na yi kamar ƙara mini ciwo ake yi, kuma a nan yawancin mutane ke bari. Sai an doshi wata 2 zuwa 3 ake ganin canji a littafi.

Ƙwaya ta zo daga baya. Bayan ya tabbatar ba ni da asma, likita ya sa ni kan propranolol miligiram 10, ɗan kaɗan don rage gudun zuciya. Mai yawa yana ƙara kasala, kuma ba a daina shi kwatsam. Akwai fludrocortisone, yawanci miligiram 0.1 da safe, mai sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, amma yana kawo kumburi, yana rage sinadarin fotashiyam, dole a riƙa gwajin jini. Akwai midodrine, miligiram 2.5 zuwa 10 sau 3 a rana, mai tsuke hanyoyin jini. Yana sa ƙaiƙayin kai da tashin tsikar jiki, kuma ba a shan na ƙarshe sai da tazarar awa 4 kafin kwanciya, don kada jini ya hau cikin barci. Na kawo sunayen ne don a san akwai magani, ba don a je kemis a saya ba. Kowanne da irin awon da ya dace da shi.

Azumi ya ba ni kuka. A shekarar farko Ramadan ya faɗo cikin bazara, likita ya ce wuni babu ruwa zai mayar da ni baya. Na sa maigida ya tambayo mini malamin garinmu, ya aiko da cewa Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, in sha in rama. Da hunturu ya shigo, rana gajera ga sanyi, na rama a hankali, ina cika cikina da ruwa da sahur. Salla ma na yi ta a zaune na wani lokaci, kamar yadda hadisi ya ba da dama ga wanda ba zai iya tsayuwa ba. Inna ce da kanta ta fara ajiye mini kofin ruwa a bakin gado, bayan ɗanta ya nuna mata takardar asibiti ya karanta mata lambobin.

Da na koma aiki na sauya yadda nake awo. Duk wanda ya ce mini jiri, sai ya kwanta ya tashi. Akwai wani dattijo mai suga da jikokinsa suka kawo, ya faɗi sau da yawa a hanyar masallaci da asuba. Na ce, "Baba, ɗan kwanta mini a nan." A kwance 168 bisa 92, bugu 78. Minti 3 da miƙewa, 118 bisa 70, bugun kuwa 82 kacal. Jini ya faɗi da 50 amma zuciya ba ta ko yunƙura ba. In rashin ruwa ne ko zubar jini, zuciya za ta yi gudu don ta cike giɓi. In ƙarin bugun bai kai 15 ba alhali jini ya faɗi haka, alama ce jijiyoyin saƙon da kansu sun lalace, abin da suga mai daɗewa da ciwon makyarkyata na tsufa ke yi. Na ce a zazzage mini ledar magungunansa: ga na hawan jini, ga mai sa fitsari, ga na kumburin mafitsara na maza, dukkansu masu saukar da jini. Irin wannan ba a ce masa ya ƙara gishiri, ba a kuma ce ya watsar da magani, tunda a kwance jininsa a sama yake. Na rubuta lambobin biyu a takarda na tura shi wurin likita a gyara masa magungunan, na ce a ɗaga kan gadonsa, ya zauna a bakin gado kafin ya tashi, ya riƙa yin fitsarin dare a zaune.

Akwai jirin da ba a tsayawa gwaji a kansa. Wanda ya suma yana cikin aikin ƙarfi ko yana kwance, mai ciwon ƙirji, mai baƙin bayan gida ko aman jini, macen da ta yi ɓatan wata ga ciwon mara ga jiri, wanda ɓarin jikinsa ya mutu ko bakinsa ya karkace, wanda a danginsu wani ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi, duk waɗannan babban asibiti ne a ranar. In kuma mutum ya zube a gabanku, ku bar shi a kwance ku ɗaga ƙafafunsa, ku sassauta masa tufafi. Kada a tayar da shi zaune a rirriƙe, wannan ne ke hana jini komawa kai har ya fara fizge-fizge a ce farfaɗiya ce. Kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sarai. Mai suman tsayuwa yakan dawo hayyacinsa cikin minti ɗaya ko biyu, mai farfaɗiya kuwa yakan daɗe a ruɗe, sau da yawa ya ciji gefen harshe.

Yau alhamdu lillahi ina aikina, ina yi wa yara allura a kan kujera mai tsawo da kafinta ya haɗa mini. Ban warke sarai ba. Da sanyi bambancin bugun kwance da tsaye yakan tsaya wajen 20, da bazara ko bayan zazzaɓi ya haura 30, in koma ruwan gishiri da sukari da ɗaurin ciki. Muna son ƙarin haihuwa, don haka a zuwana Kano na gaba zan tafi da littafin, mu zauna da likita kan yadda za a yi da ƙwayar da gishirin kafin ciki ya shiga.